Yatsu Huɗu a Jikin Bango

Baba Tara mai goge ƙarfe ne a ma'aikatarmu. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki. Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi, ranar da injin yanka ya tafi da ƙaramin yatsansa na dama. In baƙo ya zuba wa hannun ido, sai Baba ya ce masa kada ya damu, inji ne ya cire zakkarsa, saura tara ɗin halal ne.

Ni mai feshin fenti ne, Dogo ake ce mini. Ɗakina yana bayan teburinsa, labulen roba kawai ya raba mu. Shekara sha tara duk farantin da na fesa daga hannunsa ya fito, don haka abin da zan faɗa a kansa gani na yi, ba ji ba.

Aikinmu farantan alminiyam, irin waɗanda ake lulluɓe fuskar gini da su. Faranti yana shigowa ta ƙofar gabas, a goge shi da takardar samfefa, a tsoma shi a tankin wanki, ya bushe, ya hau teburin Baba don dubawar ƙarshe, ya zo gare ni, ya shiga ɗakin gashi, inda ake gasa fentin ya kama. Haka layin yake tun kafin a ɗauke ni aiki. A teburin nan akwai fitila mai dogon wuya da aka tanada don duba zane da kaushi. Baba yakan kunna ta don kada a ce bai kunna ba. Ainihin dubawar da tafin hannu yake yi. Zai shafa farantin daga sama zuwa ƙasa, kansa a karkace kamar mai sauraren rediyo, in ya ji kaushi ya mayar da shi baya. In ya gamsu, sai ya dafa shi sau ɗaya a kusurwar ƙasa, yadda uba ke dafa kafaɗar ɗansa zai tafi makaranta. Wannan dafawar ce sa-hannunsa. Da tsohon fenti mai kauri ba ta taɓa jawo komai ba.

Hanyarmu ɗaya, kullum ni nake ɗaukarsa a babur. Gidansa ciki biyu ne da ɗan tsakar gida, da benci a bakin ƙofa. A kan bencin nan nake samunsa kowace safiya, hannayensa biyu a miƙe, matarsa tana murza masa man shafawa daga wani gwangwani mai shuɗin murfi. Ƙurar ƙarfe tana tsaga fata har jini, ita kuma Inna ta rantse ba za ta zauna da mutum mai hannun kada ba. Yakan yi ta gunaguni, wai za ta sa mu makara, wai ta mai da shi amarya. Ita ko kallonsa ba ta yi, sai ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har guntun wurin da babu yatsa sai ta shafa masa. Ni takan ce mini, ɗana, ka yi haƙuri da tsohon nan, ni ma haƙurin nake.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana Injiniya. Mace ce, ba ta kai arba'in ba, ba ta da yawan dariya. Ta zo da wani sabon shafi da ta yi shekaru tana haɗawa, ruwa ne fari tas, in ya bushe ba ka ganinsa, bai kai ɓawon albasa kauri ba. Sunansa na takarda ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa ƙi-ruwa. Ranar farko ta tara mu, ta jingina faranti, ta watsa masa ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Ta watsa baƙin shayi, ta watsa ruwan laka, ta zuba man inji. Farantin ya tsaya a bushe. Mutane suka yi ta salati. Ni ban ruɗu ba, don na sha ganin fenti mai kyau ranar ɗaurin aure, wata shida ya fara zubar da fata.

Abin da ya sa na fara ganin girmanta shi ne ita ma ba ta yarda da ranar farko ba. Ta ce sa ruwa ya gangara ba wuya, kakin kyandir ma yana yi. Wuyar ita ce ya ci gaba da gangarawa bayan rana da ƙura da tsumman mai shara sun yi shekara biyar suna cin wurin. A ɗakinta akwai wani inji mai buroshi da ke kai da komowa a kan guntun faranti, dubu kan dubu, yini guda. In ya tsaya, ta ɗiga ruwa da sirinji ta duba. In ɗigon ya tsaya a dunƙule kamar dutsen ado, shafin yana da rai. In ya baje, ya mutu. Saboda sirinjin nan aka sa mata Uwar Ɗigo, a bayan idonta.

Doka ɗaya ta kafa da ƙarfi. Daga tankin wanki zuwa ɗakin feshi, ba hannun da zai taɓa faranti sai da safar hannu. Ta rubuta a bango, ta raba safa. Ta yi bayani ma, amma a ranar injin iska yana ruri, kuma mu mun saba da dokokin bango. Akwai wadda ta hana cin abinci a wurin aiki, a ƙarƙashinta muke cin abincin.

A lokacin na riga na san abin da Baba ke ɓoyewa. Idonsa ya fara yin yana, ganinsa yana raguwa. Na gane ne ranar da na ajiye masa kofin shayi a gabansa, ya miƙa hannu gefe, ya lalubo shi. Daga baya na lura ba ya karanta takardar aiki, sai ya ba wani ya ce ya manta tabarau. Asibiti kuwa ba ya son a ambata, wai ƙarfe ya taɓa shiga jikinsa sau ɗaya, ya isa. Fitilar nan ba ta nuna masa komai sai haske. Hannun ne idonsa, kuma da safa a hannun makaho ne sosai. Don haka in Injiniya tana wurin ya sa safa ya yi ta jujjuya faranti, in ta juya baya ya zare ta dama ya yi aikinsa yadda ya sani. Ta cikin labule ina kallo. Ban hana shi ba, ban faɗa wa kowa ba. A raina na ce hannun da ya shekara talatin bai ɓata aiki ba, ba takardar bango ce za ta koya masa ba. Wannan kuskurena ne, kuma ban ɗora wa kowa shi ba.

Babban aikin farko na ƙi-ruwa shi ne fuskar wani sabon asibitin yara, faranti ɗari uku. Kowane ɗaya ya fita yana ƙyalli, ruwa yana gudu a kansa. Aka kafa. Wata huɗu shiru. Sai damina ta sauka, aka yi ruwa uku masu ƙarfi, aka kira Manaja a waya aka ce ya zo ya ga bangonsa.

Mu huɗu muka je, Manaja da Injiniya da ni da Baba. Tun daga bakin titi na gani. Bangon fes yake, ruwan sama ya wanke shi, ban da wasu dogayen shafe-shafe masu datti daga sama zuwa ƙasa. A kusurwar ƙasa ta kusan kowane faranti kuma ga tafin hannu, ja-ja da laka, a fili kamar an buga hatimi. Yatsu huɗu. Masu jinya sun taru suna kallo, wata tsohuwa tana cewa aljanu ne suka hau bangon. Baba ya matso kusa da ni ya tambaye ni a hankali me ake gani. Na gaya masa. Sai ya tako gaban Manaja, ya ɗaga hannun.

"Ranka ya daɗe, kada a wahalar da mai feshi. Ga mai laifin nan."

A mota Injiniya ta yi bayanin da ya kamata mu saurara tun farko. Shafin ba zama yake a kan ƙarfe kamar fenti ba, kama shi yake, ya riƙe. In akwai maiƙo tsakani, ko na gumi ne, ba abin da zai kama. Zai kwanta a sama, ya kori ruwa sati kaɗan kamar lafiya lau, sannan rana da iska su ɗauke shi. Nata gwajin bai taɓa nunawa ba, don guntayen da take gwadawa ita take shirya su da safarta. Shekara shida ta zuba a abin nan, ga shi aikin farko ya fito da hannun mutum a jiki.

Washegari Manaja ya yanke. Za a sauke farantan a sake su, Baba kuma zai ajiye aiki ƙarshen wata. Ya faɗa da ladabi, har da cewa za a yi masa taron sallama. Baba ya yi godiya ya koma teburinsa, ya sa safa biyu, ya zauna.

Ranar Asabar da rana na je gidansa. Na samu Inna a tsakar gida da gwangwanin nan a cinyarta. Ya riga ya gaya mata. Ta ce ashe da hannunta ta kore shi daga aiki, shekara da shekaru tana ganin gata take yi masa. Baba yana kwance a tabarma, ya ce ta daina wannan magana, ko ba manta hannun mutum ba katako ba ne, dole ya yi gumi. Ta ce to ya zauna a gida ya huta, 'yarsu Auta tana aiki, yayanta yana aiki, ba za su kwana da yunwa ba. Sai ya tashi zaune.

"In zauna in yi me? In ƙirga ƙuda? Ko su ba na gani."

Karo na farko ke nan da na ji ya faɗi maganar idon da bakinsa. Inna ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta daɗe da sani, tun da ya fara yaba miyar da bai gani ba.

Ban ba shi haƙuri ba, ban iya ba. Na tafi gida ina juya wani abu da na gani a bangon. Akwai layi biyu ta hagu da ba hannu ko ɗaya a jikinsu. Na san su. An yi su ne makon da Baba ya kwanta zazzaɓi, ni da wani muka duba su da fitila, da safarmu, yadda doka ta ce. Su ma ba su tsira ba. Babu tafin hannu, amma akwai siraran layukan datti, kamar an ja da allura, inda ruwa ya kama. Na Baba kuwa, in ka cire inda hannunsa ya bi, ko layi ɗaya babu.

Litinin da aka fara sauke farantan, na ɗauko biyu, ɗaya nasa, ɗaya namu, na kai ɗakin Injiniya na jingina mata. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ta duba, wannan hannu ya duba shi, wannan fitila. Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta daɗe a kansu. Ta ce layukan nan ƙananan tudu ne da samfefa ta bari, shafin yana yin siriri a kan tudun, nan yake fara cinyewa. Ta tambaye ni ko ina nufin tsohon yana jin abin da fitila ba ta nunawa. Na ce ni ba na nufin komai, faranti ashirin suna nan, inji yana nan, Baba yana nan har ƙarshen wata.

Haka aka yi. Aka ɗebo ashirin daga layi, aka rubuta lamba a bayansu. Ita ta fara, da fitila da gilashi, ta kusa awa guda, ta ware uku ta ce suna da aibi. Aka cakuɗa su. Aka kira Baba. Ya zo da safarsa, ta ce ya cire. Ya tsaya yana jinkiri, ya tambaya ko tarko ne.

"Baba, cire mana. Yau ni na ce."

"To, 'yata. Amma in hannu ya fito, naki ne."

Minti goma bai cika ba ya gama. Ya ware bakwai, ukun nata suna ciki. Ta duba sauran huɗun a fitila, ta juya su ta kowane gefe, ba ta ga komai ba. Ta sa aka wanke duka ashirin ɗin a tanki, na fesa, aka gasa, ta yanki guntu daga kowanne ta ɗora wa injin buroshi. Kwana huɗu injin yana ƙara a ɗakinta. A kwanakin nan Baba bai tambayi komai ba. Ya kwashe kayan aljihun teburinsa a leda, tsofaffin samfefa da wani cokali da hoton jikarsa.

Ranar Juma'a ta kira mu. Ta jera guntayen ta bi su da sirinji. A kan sha huɗu ɗigon ya tsaya a dunƙule. A kan shida ya baje a siraran layuka, kuma shidan duk daga cikin bakwai ɗin Baba ne. Na bakwai lafiya lau yake. Baba ya karɓe shi ya shafa, ya ce injin ne bai gama aikinsa ba, a ƙara masa kwana biyu. Ranar na fara jin dariyar Uwar Ɗigo.

Ba ta rubuta rahoto ba. Ta kwashi guntayen a tire ta shiga ofishin Manaja, ta ce in biyo ta. Ta ɗiga masa ruwa a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce laifin hannun gaskiya ne, ba ta wanke shi ba, amma ba hannun ne ya kamata a cire ba, teburin ne yake wurin da bai dace ba. A dawo da shi kafin tanki. Ya shafa yadda yake so, ya dafa yadda yake so, tanki ya wanke, daga nan ba mai taɓawa. Ta ƙara da cewa ita ta kafa doka a kan layin da ba ta tsaya ta kalla ba, wannan nata ne. Manaja ya ce mutumin ba ya gani. Ta ce ita tana gani, uku ta samu.

Manaja ba mugu ba ne, tsoro ne da shi, kuma asibitin suna kan wuyansa. Ya juya alƙalami ya juya, ya ce ya yarda da sharaɗi biyu. Farantan asibitin da za a sake su ne gwaji, in hannu ko layi ya sake fitowa a bangon, magana ta ƙare. Na biyu, Baba zai je a duba idonsa, don ba zai bar mutumin da ba ya ganin gabansa yana yawo kusa da injin yanka ba, tara ɗin ma a riƙe su da kyau.

Na farkon bai dami Baba ba. Na biyun ne ya sa ya yi ta kame-kame har sati uku, yau ciwon kai, gobe layin asibiti ya yi tsawo. Inna ce ta gama da shi. Wata safiya na zo ɗaukarsa na same ta da mayafinta, Auta tana riƙe da katin asibiti. Ta ce mini, ɗana, wuce aikinka, yau ni ce direba. Aka yi masa ido ɗaya. Ɗayan ya ce a bar masa, sai ya ga yadda wannan ya yi tukuna.

Teburin mu shida muka ja shi, ƙafafunsa suna kuka a kan siminti, taku goma sha biyu zuwa gabas. Shi ke nan gyaran. Ba sabon inji, ba baƙo daga waje. Farantan ɗari uku muka kankare su muka sake, wata biyu muna yi, kafaɗata har yau tana tuna mini.

Aka kafa su. Rani ya wuce a kansu, masu shara suka bi na ƙasa da tsumma da sabulu kowane mako. Injiniya takan je duk wata da sirinjinta, masu gadi har sun saba da ita. Baba bai je ko sau ɗaya ba, kuma a shekarar nan ban ji ya yi zancen zakkar inji ba.

Da damina ta dawo aka yi ruwan farko mai ƙarfi da safe, muna wurin aiki. Yana tsagaitawa Injiniya ta leƙo ta ce mu zo. Muka shiga motarta mu uku.

Bangon yana tsaye a bushe. Ruwa yana zuba daga indararo, ƙasa ta yi caɓi, amma farantan kamar ba a yi ruwa ba, sai 'yan ɗigo da ke gangarowa suna haɗuwa. Na bi layi-layi da ido ina neman abin da zan samu, don na fi yarda da hakan. Ban samu ba. Baba ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba da hannu ya kalla da mai kyan, ya daɗe. Sannan ya matsa kusa, ya sa hannayensa a baya kamar yaron da aka hana taɓa kayan kanti. Injiniya ta ce masa yanzu shafin ya riga ya kama, ya taɓa son ransa. Ya shafa na farko. Ya shafa na biyu. Ya bi layin ƙasa gaba ɗaya a hankali, takalminsa cikin laka, har ya kai na ƙarshe wajen kwana. Nan ya tsaya, ya sake shafawa, ya karkata kai.

"Dogo, zo nan. Wannan feshin ya yi nauyi ta gefe. Hannunka ya gaji ne ranar?"

Na ce masa faranti na ɗari biyu da casa'in da wani abu ne, duk wanda hannunsa bai gaji ba ya zo ya karɓi bindigar feshin. Ya ce shi dai ya faɗa, kuma Litinin zai sa mini ido, tun da yanzu yana da ɗaya. Injiniya tana waya da Manaja, tana gaya masa ya soke taron sallamar nan da ya ajiye a kalanda. Muka koma mota, don akwai faranti sittin suna jiran mu kafin a tashi.